Ina Rumfarka, Lado?

A garinmu Marke, can ƙasar Gwiwa, in ka ga inuwar da ba ta bishiya ba ce, to Lado ne ya yi ta. Sana'arsa ke nan tun da ya daina tafiya cin rani: ya yanko gamba da kaka, ya saƙa zana, ya kafa wa mutane rumfa. Ta ƙofar masallaci aikinsa ce, haka ta mai shayi, haka babbar nan ta ƙofar gidan Mai Unguwa Abu, inda muke zaman majalisa bayan la'asar, inda kuma ake ajiye akwati duk ranar zaɓe. Gamba ta cinye masa tafin hannu. In kun gaisa sai ka duba naka ka ga ko ya karce ka.

Ni taubashinsa ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka an halatta mini tsokanarsa, ni kuma ban taɓa barin wannan halak ɗin ta lalace ba. Sunana Sabiru, na koyar a firamare shekara talatin da biyar. Lado ya girme ni da shekara tara, kuma ko a gaban surukaina "ɗan boko" yake kirana.

Sau ɗaya ya taɓa jefa ƙuri'a yana da sauran ƙuruciya, a zaɓen casa'in da uku, shi ne kuma wanda aka soke. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa ƙuri'arsa ce ta jawo. Zaɓukan da suka biyo baya duk da rani aka yi su, rani kuwa a kudu yake samun Lado yana tura kurar ruwa. Sai da gwiwa ta fara yi masa gardama ya dawo gida ya zauna.

Da aka zo sabuwar rajista a farkon dubu biyu da sha ɗaya, masu na'ura sun yi kwanaki a Marke. Lado na da aikin zana a hannu, kullum sai ya ce gobe, har suka tattara kayansu suka tafi. Ranar kasuwa ya ɗauki zanarsa zuwa Kazaure, inda yake da rumfa a layin 'yan zana. Yana isa ya hangi masu rajista a bakin kasuwa, layinsu ɗan gajere, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Da aka zo kansa, malamin da ke rubutu ya tambaye shi, "Baba, ina rumfarka?"

Malamin rumfar zaɓe yake nufi, wato wurin da mutum zai jefa ƙuri'a. Lado kuwa rumfa ɗaya ya sani da ake ce wa tasa. Ya nuna da hannu ya ce, "Ga ta can ciki, layin 'yan zana, ta uku daga bakin rijiya."

"To nan kake ke nan," in ji malamin, ya ɗauke shi hoto.

Ya dawo gida bakinsa har kunne. Ya ce mana gwamnatin yanzu ta san darajar mai sana'a, har rumfarsa aka tambaya aka rubuta. Katin yana cikin hularsa, kuma babu wanda ya ce kawo mu gani, har da ni da na iya karatu.

Kwana biyu kafin zaɓe Mai Unguwa ya sa shi ya sabunta rumfar ƙofar gida. Ya sake dirkoki, ya shimfiɗa sabuwar zana, ya ɗaure da igiyar rama. A shekarar ina cikin malaman zaɓe, ni ke riƙe da littafin sunaye. Lado ne na farko a layin maza, cikin rigarsa ta Salla. Ya miƙo kati, na bi littafi daga farko har ƙarshe, na sake bi, sannan na juya katin na karanta abin da ke jiki.

Na ce, "Lado, ba a wannan rumfar kake ba."

Ya ɗaga kai ya kalli zanar da ke samanmu. "Wace rumfar?"

"Wannan."

"Wannan da na kafa dirkokinta shekaranjiya?"

"Ita fa."

"Ɗan boko, wasan taubashi ba na yau ba ne. Ba ni takarda in dangwala, ana jira."

Na yi masa bayani, 'yar bautar ƙasar da ke shugabantar mu ta ƙara da tata guntuwar Hausar. Rumfarsa tana bakin kasuwar Kazaure. Ranar zaɓe kuma an hana zirga-zirga, ba mota ba babur, Kazaure kuwa ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai ciwon gwiwa. Ya koma gefe ya tsaya a rana, yana kallo matarsa Shatu ta shigo inuwarsa ta dangwala ta fita. Ni dai na yi dariya har littafin ya faɗi daga cinyata. Fushin da ya yi ya sa sauran zaɓukan shekarar ko ƙofar gida bai leƙo ba.

Da abin ya tsaya a nan da da sauƙi. Bayan wata guda ana musu a majalisa kan kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk damina. Lado ya shiga maganar da zafi, kuma shi ke da gaskiya, don ya fi kowa bin hanyar da kaya a ka. Ni kuma da na ga zai kayar da ni, sai na ce, "Kai da ba ka da ƙuri'a, yi mana shiru." Majalisa ta fashe da dariya.

Ni wasa na yi, amma maganar ta fi ƙarfina. Duk wanda Lado ya ƙure a musu sai ya ɗauko ta, har waɗanda ba su da wasa da shi. Lokacin kamfen mata su shiga wurin Shatu da sabulu da atamfa, maza kuma su wuce maigidan a zaure, sai in suna son rumfar taro. A hankali ya daina sa baki a duk abin da ya shafi gari. Yana zuwa majalisa kullum, amma sai ya zauna a bakin inuwa yana tufka igiya. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya bar wani ya yi magana.

A sha biyar aka ce sai da katin dindindin. Sau uku yana zuwa karɓa ana ce masa bai iso ba. Ya iso lafiya lau, wata guda bayan an gama zaɓe.

A sha tara Lado ya yi shiri irin na mai tafiya aikin Hajji. Ya gama rumfar Mai Unguwa tun Laraba, ranar Juma'a ya hau mota zuwa Kazaure ya kwana wurin wani abokin sana'arsa. Suna fitowa daga sallar asuba rediyon mai shayi ya ce an ɗage zaɓe da mako guda. Ya dawo gida. A cikin makon awakin gari suka yi wa sabuwar zanar rubdugu, wata saniya kuma ta sosa jiki da dirka ta karya ta. Juma'a na zagayowa, Lado ya ɗaura ɗan ƙullinsa ke nan, Mai Unguwa ya aiko: rumfa ta faɗi, gobe ga baƙi, a ina za a ajiye akwati? Ya ajiye ƙullin ya ɗauki gatari. Kafin ya ɗaure igiya ta ƙarshe an kira magariba, motar ƙarshe ta daɗe da wucewa. Washegari mutum ɗari uku da wani abu suka yi zaɓe cikin inuwa mai sanyi. Na gwamna da ya biyo baya ko tambayar ranarsa bai yi ba.

Wata rana muna jin rediyo aka yi wani shiri kan zaɓe a ƙasashen duniya. Aka ce a wasu wuraren, har da na Turawa, akan nisanta wa talakawa wurin jefa ƙuri'a, ko a nemi wata takardar da ba kowa ke da ita ba, ko a bar mutum a layi har ya gaji ya koma gida. Lado ya dakata da tufkarsa ya ce, "Ashe can ma akwai 'yan layin zana." Ita ce magana mafi tsawo da ya yi a majalisa a shekarar.

Yanzu bari in faɗi nawa. Tun ranar farko na san ana iya sauya wa mutum rumfa. Takarda ce kawai za a cike, kuma a duk danginmu ni ne mai cike takarda. Kullum sai in ce bari a zo kusa da zaɓe, in an zo kusa kuma a ce an rufe. Gaskiyar magana labarin yana yi mini daɗi. Duk baƙon da ya zo Marke sai na ba shi labarin mutumin da ba ya cikin rumfar da ya gina, kuma ban taɓa ba da shi an ƙi yin dariya ba. In aka gyara, me zan riƙa ba baƙi?

Shatu ce ta kawo ƙarshen wannan. Da daminar ashirin da biyu ta zo gidana, ta gaisa da iyalina, sannan ta tsaya daga bakin zaure. Ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce, "Malam Sabiru, ka ji wasiyyar da ɗan'uwanka ya bar mini?"

Na ce, "Wace irin wasiyya kuma, yana ƙalau?"

"Ya ce in ta Allah ta kasance, kada a yi masa salla a rumfar Mai Unguwa kamar yadda ake yi wa kowa. Wai a fitar da shi fili, tunda an ce ba a cikinta yake ba." Ta gyara mayafinta. "Kai ka ce masa ba a cikinta yake ba. Sai ka san yadda za ka mayar da shi."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Lado ya haura saba'in a lokacin, kuma babu wanda ya yi mana alkawarin wani zaɓen bayan mai zuwa.

Washegari na karɓi katinsa. An ce yanzu ana yin sauyin ta waya, ni kuma ban ga dalilin da zai sa tsohon malamin makaranta ya je ya nemi taimako ba. Na hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, na bar tabarau a gida. Shafin ya buɗe ya rufe, ya koma farko, ya sake buɗewa. Can na hango "Marke, Ƙofar Mai Unguwa", na danna da sauri kafin sabis ya ɗauke. Na sauko na gaya wa majalisa cewa abin da ya gagari gari shekara goma sha ɗaya na gama shi kafin shayi ya huce.

Da aka fara raba sababbin katuna muka je Gwiwa karɓa. Aka duba aka ce babu. Wani ma'aikaci ya latsa kwamfuta ya ce, "Ai katin Baba yana Babura." Ashe akwai wata Marken a ƙasar Babura, dab da iyakar Nijar, su ma da mai unguwarsu, shi ma da ƙofarsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Lokacin sauyi kuma ya riga ya wuce.

Na zaci zai zage ni. Muna fitowa ya tsaya ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ni jahilci Kazaure kawai ya kai ni. Kai iliminka ya kai ni Babura. Ashe ilimi ya fi nisan zango."

Na ɗauke shi a babur ɗina muka je muka karɓo katin, na kuma yi rantsuwa a gaban Shatu cewa ni zan kai shi ranar zaɓe. Wannan na nufin tawa ƙuri'ar ta tafi, don ba a raba mutum biyu. Tun da aka dawo mulkin farar hula ban taɓa fashin zaɓe ba, kuma ba na barin kowa ya manta da haka.

Shekarar ce aka sauya takardun naira, kuɗi suka ɓace a hannun mutane, fetur ma sai an sha wuya. Ranar Juma'a muka ɗaura zana biyu a bayan babur. Wani ɗan bumburutu a hanyar 'Yankwashi ya karɓi ɗaya ya zuba mana mai. Muka wuce Kanya Babba, muka yi ta tambaya, bayan la'asar muka isa ɗaya Marken. Mai unguwarsu ya saurari labarinmu, ya yi ƙoƙari ya danne dariya, ya sauke mu a zaure.

Lado bai ko sha ruwa ba ya tsaya yana kallon rumfar ƙofar gidan. Ta karkace, zanarta duk huji, dirka ɗaya da waya aka ɗaure ta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan za a ajiye akwati?" Aka ce nan ne. Na ce masa mu baƙi ne, ya bar mutane da kayansu. Ko kallona bai yi ba, ya nemi gatari da igiya. Kafin magariba ya miƙar da ita, ya toshe babban hujin da ragowar zanarmu.

Da safe ya shiga layi. Sunansa na nan a manne a bango, na gani da idona, na sa tabarau na sake gani. Yana kaiwa gaban tebur wani wakilin jam'iyya ya miƙe yana ɗaga murya. "Wannan ba ɗan garin nan ba ne! Mun san irinsu, daga ƙetare ake ɗauko su. A laluba aljihunsa, wallahi za a ga sefa!"

Na fara zaro bayani da Turanci, babu mai saurarona. Sai wani dattijo daga cikin layi ya ce, "Kai yaro, ɗaga kanka sama. Inuwar da kake tsaye a ciki kana ihu, wa ya yi ta? Jiya kana ina lokacin da bawan Allahn nan yake kan dirka? In akwai mai rumfar nan, ai shi ne." Layi ya ɗauka, mata ma suka sa baki. Wakilin ya koma ya zauna yana gunaguni.

Saura na'urar tantancewa. 'Yar bautar ƙasar da ke kan tebur ta ɗora babban yatsansa, na'ura ta ƙi. Ta goge ta sake, ta ƙi. Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, gamba ba ta bar komai ba. Ta ce, "Baba, sai fuska." Ta ɗaga na'urar ta saita shi. Lado ya ɗaure fuska tamau, ya ƙame, gumi na bin gemunsa. Ta ƙi. Aka cire hula, ta ƙi. Aka juya shi wajen haske, ta ƙi.

Na leƙa hoton da ke cikin na'urar. Na bakin kasuwar Kazaure ne, na shekara goma sha biyu baya: baƙin gemu, haƙora duk a waje, fuskar mutumin da gwamnati ta tambayi rumfarsa. Na ce wa yarinyar ta sake ɗagawa. Na matsa kusa da kunnensa, na maƙale murya irin ta malamin rajista, na ce, "Baba, ina rumfarka?"

Ya so ya daure, ya kasa. Dariya ta kufce masa, na'ura ta yi ƙara, yarinyar ta ce, "Ya shiga!" Ko wakilin da ya yi ihu sai da ya murmusa.

Aka shafa masa tawada a farce, aka ba shi takardu uku. Ya daɗe a bayan ɗan shingen da ake dangwalawa har aka fara tari a layi. Ɗaya daga cikin takardun ta ɗan majalisar Babura ce, wanda ba ruwansa da kwalbatinmu, Lado kuma bai san ko ɗaya daga masu nema ba. Duk da haka ya tsaya ya zaɓar musu da natsuwa. Ya fito ya jefa kowace a akwatinta, ya tsaya yana kallon akwatunan kamar za a ce masa dawo ka ɗauki abinka. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini a gaban baƙi, kuma ban ɓoye ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar majalisa ta cika fiye da kullum, don labari ya riga mu isowa. Lado ya zo ba igiya a hannunsa. Ya wuce bakin inuwa inda ya saba zama, ya shiga har tsakiya, ya zauna kusa da Mai Unguwa, ya ɗora hannun dama a gwiwa yadda kowa zai ga farcen. Kowa ya zuba masa ido. Shekara goma sha biyu mutumin nan yana tara magana.

Mai Unguwa ya ce, "To Malam Lado, yaya ka ga zaɓen?"

Ya yi gyaran murya ya ce, "Mutanen kirki ne. Amma ba su iya ɗaurin rumfa ba."

Aka yi dariya, aka koma kan kwalbatin da har yau ba a gyara ba. Lado ya yi magana ya fi rabin sa'a, ya faɗi inda ruwa ke fara ci da inda ya kamata a zuba dutse, babu wanda ya katse shi. Da ya tsaya numfashi na ga dama ta samu, don akwai inda ya yi kuskuren lissafi. Na ce, "A nawa ganin dai..."

Ya ɗago babban yatsan nan mai tawada, ya kalli nawa farcen fari fat.

"Ɗan boko," in ji shi, "kai da ba ka da ƙuri'a, yi mana shiru."